Kishiyar da ba ta girki: Yadda na zaɓa wa uwargida wasan Mario na farko

Masu iya magana kan ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Saboda haka bari in fara da faɗin gaskiya, ko da abokan aikina za su yi mini dariya gobe a ofis. Ni magidanci ne da furfura ta fara leƙowa a gemu, amma har yau ban daina wasan Mario ba. Na fara shi tun ina ɗan firamare, a ɗakin wani maƙwabcinmu da mahaifinsa ya sayo masa irin na'urar nan da ake jonawa da talabijin, mai kaset ruwan ɗorawa wanda aka rubuta a jikinsa cewa wasanni ɗaruruwa ne a ciki, alhali idan ka duba 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa da sabon suna. Na tabbata da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi, likitoci da lauyoyi da ma'aikatan banki, sun bi ta wannan hanya. Wasu sun bari, wasu kuma irina ɓoyewa kawai suke yi.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne wata magana da uwargidana ta faɗa mini a farkon shekarar 2024. Wani dare bayan sallar isha'i, yara sun yi barci, ina zaune a falo na duƙufa a kan na'urar, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce: "Baban yara, ai da ka gaya mini tun farko cewa da kishiya zan zauna, da na shirya. Ita wannan ba ta girki, ba ta shara, amma kullum kwananta ne." Ta faɗa tana dariya, ni ma na yi dariya, sai dai da wasa ake faɗa wa wawa magana. Da na kwanta na yi lissafi, na ga ina ba wasan kusan awa ɗaya da rabi a kowane dare, wato fiye da awa goma a mako, kuma wannan shi ne ɗan lokacin da ya rage mana mu biyu bayan aiki da hidimar yara.

Hanya biyu ce a gabana: ko in sayar da na'urar, ko kuma in jawo uwargida cikin abin da nake so, ya zama namu tare. Na zaɓi ta biyu, kuma a nan ne na tafka kuskuren da nake son mai karatu ya guje masa.

Da yake na fi ƙaunar tsohon wasan da na tashi da shi, wato Super Mario Bros. na shekarar 1985, wanda har yanzu ana samunsa cikin tsofaffin wasannin da ke kan na'urar Switch, shi na fara ɗora ta a kai. A tunanina ai ba wanda ya fi shi sauƙi, tunda gudu ne da tsalle kawai. Ban tuna cewa sauƙin da nake gani shekaru talatin da ɗoriya ne suka kawo shi ba. Wasan yana da duniya takwas, kowace da zango huɗu, ana ba mutum rai uku kacal, ga agogo yana ƙirgawa a sama. Bugu da ƙari, idan mutum biyu ne, karɓa-karɓa ake yi, kuma sai wanda ke wasa ya faɗi sannan ɗayan ya karɓa. To ita cikin 'yan daƙiƙoƙi maƙiyin farko ya kashe ta, ni kuwa idan na karɓa sai in yi minti ashirin tana zaune tana kallona. Da ta zo wani rami ta faɗa sau biyu, sai na miƙa hannu na ce, "Hajiya, kawo in tsallake miki nan." Ta miƙo mini abin sarrafawar ba tare da ta ce uffan ba, ta tashi ta shige ɗaki. Washegari da na sake tayin, sai ta ce, "Malam, ai ka riga ka tsallake."

Wannan amsa ta sa na koma na yi karatun tarihin wasan da nake taƙama na sani, inda na tarar cewa matsalar da ta kayar da ni ita ce masu wasan da kansu suka daɗe suna fama da ita. Kamfanin Nintendo, wanda aka kafa a birnin Kyoto na ƙasar Japan a 1889 yana buga katunan karta, ya fara fito da Mario ne a wasan Donkey Kong na 1981. Mutumin da ya ƙirƙire shi, Shigeru Miyamoto, ya sha bayyana yadda suka tsara zangon farko na wasan 1985 domin ya koyar da baƙo ba tare da rubutu ba. Alal misali, lemar kwaɗin da ke ƙara wa Mario girma an sa ta bugi bututu ta dawo kan mai wasa, ta yadda ko ya tsorata ya so guje mata, da wuya ya tsira, sai ta taɓa shi ya gane ashe alheri ce. Amma da kamfanin ya fitar da kashi na biyu a Japan a 1986, sai ya tsananta shi, har da lemar kwaɗi mai guba da iskar da ke ture mutum cikin rami. Reshen kamfanin na Amurka ya ga cewa wannan zai kori sababbin masu wasa, don haka ya ƙi sayar da shi, aka ɗauko wani wasa dabam mai suna Doki Doki Panic aka sauya masa fuska, aka fitar da shi a 1988 da sunan Super Mario Bros. 2. Na asalin bai isa Amurka da Turai ba sai a 1993. Kamfani guda ya gwammace ya ɓoye wasansa na tsawon shekara bakwai da ya tsorata baƙo, ni kuma ban iya haƙurin minti biyar da matata ba.

Wani abin da ya ƙara sanyaya mini jiki shi ne, shi kansa Miyamoto ya sha irin wahalata a gidansa. A jawabin da ya gabatar a taron masu ƙera wasannin bidiyo a San Francisco a 2007, ya bayyana cewa yana auna nasarar wasa ne da wani ma'auni da ya kira ma'aunin uwargida. Ya ce matarsa ba ta kula Mario ba, ba ta kula Tetris ba. Ta fara tsayawa kallo ne lokacin da 'yarsu ke buga Zelda, ta yarda ta riƙe abin sarrafawa a Animal Crossing saboda babu maƙiyan da za a yaƙa, sannan Nintendogs, wasan kiwon karnuka, da Brain Age, wasan wasa ƙwaƙwalwa, suka ƙarasa jawo ta. Darasin a fili yake: wasan da za ka fara gabatarwa ana zaɓensa ne da idon baƙon da za a karɓa, son ran mai masauki ba shi da gurbi a ciki.

Daga nan na zauna na gindaya wa kaina sharuɗɗa huɗu. Na farko, wasan ya zama wanda za mu buga a lokaci guda, kada ɗaya ya zama ɗan kallo. Na biyu, kuskure ya zama mai arha, domin babban mutum da ya saba a girmama shi ba ya jure a riƙa nuna masa gazawarsa kowane minti. Na uku, yatsu kada su yi aiki da yawa. Na huɗu, zango ya zama gajere, wanda za a gama kafin shayi ya huce, domin matar da ta yini a wurin aiki ta dawo ta shiga kicin ba ta da awa uku ta bayarwa.

Da waɗannan sharuɗɗa na tace jerin. Super Mario Odyssey na 2017 ya burge ni ƙwarai, kuma yana da tsarin taimako wanda ke zana kibiya a ƙasa, ya ninka ƙarfin rai, ya kuma dawo da wanda ya faɗa rami. Sai dai fili ne mai faɗi da zurfi, inda babban yatsa ɗaya ke tafiyar da Mario, ɗayan kuma ke juya kyamara, kuma wannan haɗin shi ne ya fi rikita duk wanda bai saba ba. Sannan mutum na biyu hular Mario kawai yake sarrafawa, ni kuwa ban ga yadda zan gaya wa uwargida cewa matsayinta hula ba. Haka Super Mario Galaxy na 2007, inda na biyun 'yar rakiya ce mai tsintar taurari. New Super Mario Bros. Wii na 2009 shi ya fara ba mutum huɗu damar gudu tare, amma a cikinsa da magadansa 'yan wasa na bangazar juna, har wani ya ɗauki wani ya jefa rami, abin da ko tsakanin 'yan uwa yakan jawo rigima, balle tsakanin miji da matar da ke da tsohon fushi. Mario Kart 8 Deluxe, wasan tseren motoci na 2017, yana da tsarin da ke riƙe wa baƙo sitiyari kada ya sauka daga titi, ya kuma taka masa totur, amma tsere dole a sami wanda ya zo na baya, kuma na san ko wace ce za ta zo na baya a makon farko.

Wanda ya cika sharuɗɗan shi ne Super Mario Bros. Wonder, wanda ya fito a watan Oktoba na 2023. Tafiyarsa daga hagu zuwa dama ce kamar na da, babu juya kyamara. An cire agogon da ke tayar da hankali a zangunan yau da kullum. 'Yan wasa ba sa bangazar juna. Kowane zango an yi masa alamar taurari da ke nuna wahalarsa, daga ɗaya zuwa biyar, don haka mutum zai iya kauce wa mai tsanani. Idan ɗaya ya faɗi, yakan zama 'yar fatalwa mai shawagi na 'yan daƙiƙoƙi, in ya taɓa abokinsa sai ya dawo da ransa. Mafi muhimmanci, akwai Yoshi da Nabbit, waɗanda maƙiya ba sa iya yi musu rauni, ko da yake rami bai bar su ba, kuma ba sa rikiɗa su zama giwa kamar sauran.

Na sayo shi, amma wannan karon ban yi tayi ba. Na bar yara suna bugawa da yamma a ranar Asabar, har ƙaramarsu ta ja hannun mahaifiyarta. Da dare ya yi sai na ce, "Maman yara, ki taimaka mini da wani zango, mutum biyu yake so." Ta zaɓi Yoshi, ni kuma na yi wa kaina alkawarin abu uku: ba zan karɓi abin sarrafawa daga hannunta ba, ba zan yi gaba in bar ta ba, ba kuma zan yi bayanin da ba a tambaye ni ba. Na ukun ne ya fi wahala. Mun yi zango uku a daren, aka ɗauke wuta muka ci gaba a ƙaramin allon na'urar tunda tana da batir. Bayan mako biyu ta ajiye Yoshi da kanta, ta ce ita ma tana son ta zama giwa, ta ɗauki gimbiya Daisy. A ranar ne ta fara ceto ni, na zama fatalwa ta tsaya ta jira ni, tana cewa, "Yallaɓai, a hankali dai."

Na san akwai mai karatun da zai ce duk wannan ɓata lokaci ne da bai dace da manya ba, kuma ba zan ce ba shi da hujja ba. Wasan da ya hana salla a kan lokaci, ko ya ci kuɗin cefane, ko ya raba mutum da iyalinsa, sharri ne, kuma ni shaida ne a kan na ƙarshen. Amma wasa tsakanin ma'aurata ba baƙon abu ba ne a addininmu. Ya zo a ruwayar Abu Dawud cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha (RA) ta wuce shi, bayan wani lokaci suka sake ya wuce ta, ya kuma tuna mata da na farkon cikin raha. Akwai kuma wata fa'ida da ban yi tsammani ba. A da, uwargida hukunci ɗaya take yanke wa duk abin da yara ke bugawa, ni kuma ina kare su ido rufe. Yanzu da ta san abin daga ciki, ita ce ke duba alamar shekarun da ke jikin kwali, ita ce kuma ta tsara cewa ba a kunna na'ura a ranakun makaranta, dokar da ta hau kaina ni ma.

Shawarata ga duk magidancin da ke da irin wannan kishiya, ko Mario ce, ko ƙwallon PlayStation, ko wani jerin dabam, ita ce kada ya fara da wanda ya fi so, kada kuma ya ce dole sai an bi jerin daga na farko. Ya nemi wanda ake bugawa tare, mai yafe kuskure, mai gajeren zango. Ya riƙe bakinsa da hannunsa. Idan kuma an gwada ta ce ba ta so, to ya karɓa da kyakkyawar zuciya, ya rage wa na'urar kwana, domin matsalar tun asali ta lokaci ce. Hausawa sun ce zo mu ci tuwo ya fi tuwon daɗi.

Yanzu dare biyu muke yi a mako, Juma'a da Asabar, sauran dararen na hira ne. A watan jiya muka koma Mario Kart, ta kashe tsarin riƙe sitiyari da hannunta, ta kuma wuce ni a zagayen ƙarshe a gaban yara. Har yanzu ina jiran ranar ramuwa. Allah Ya zaunar da gidajenmu lafiya, Ya sa albarka a lokutanmu, amin.