Kada Ku Sallama Gida ta Waya: Gargaɗi ga 'Yan Kankiya da Kusada Mazauna Waje

Wannan magana taku ce, 'yan Kankiya da Kusada da ke zaune a Jidda, Makka, Yamai, Dubai, Landan ko Amurka. Taku ce, 'yan uwan da aka bar wa amanar gida da gona. Taka ce kai ma mai saye, da ka daɗe kana tara kuɗinka. Ba a ce kowa ya tayar da hankalinsa ba. Kullum ana cinikin gidaje lami lafiya. Amma yadda muke yi idan mai gida ba ya ƙasar, akwai gyara babba. Wanda ya yi sakaci, kotu ce za ta koya masa, kuma karatun kotu tsada gare shi.

Ga yadda aka saba. Buƙata ta taso wa mutum a can. Ya kira ƙaninsa, ya ce a nemo dillali. Dillali ya kawo mai saye. A yi ta albarka har a daidaita. Sai a kunna saƙon murya na WhatsApp a zaure, kowa ya kasa kunne: "Na wakilta ƙanena, duk abin da ya yi ni na yi." A ce madalla, ai muryar Alhaji ce. A yago falle daga littafin ɗan makaranta. A rubuta iyaka gabas da yamma, kudu da arewa. Shaidu su sa hannu, wanda bai iya ba ya dangwala yatsa. Mai unguwa ya buga hatimi. Dillali ya soke la'adarsa a aljihu. A shafa fatiha a watse.

Wannan saƙon murya shi ne mafarin matsala. A Musulunci wakilci da baki ya inganta, babu musu. Amma ranar da aka yi jayayya, hujja alƙali zai nema. Waya tana ɓata. Saƙo yana gogewa. Mai murya yana iya cewa wani gidan yake nufi, ko ya ce farashin da ya yarda da shi daban ne. Yanzu ma an kai inda kwamfuta ke kwaikwayon muryar mutum har iyalinsa su kasa bambancewa. Ga dokar ƙasa kuma, ta daɗe da tsayawa a kan abu ɗaya. Wanda zai sa hannu a takardar sayarwa mai hatimi a madadin wani, sai shi ma an naɗa shi da takarda mai hatimi. Ofishin ƙasa ba ya ajiye murya a fayil.

To a rubuta takardar wakilci. Amma a gaban wa? Nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Sashe na 150 na Dokar Shaida ta 2011 ya faɗi waɗanda kotu ke yarda da tabbatarwarsu tun kafin a kawo wata hujja: notari, wato lauya mai tabbatar da takardu, ko kotu, ko alƙali, ko majistare, ko jami'in jakadancin Nijeriya. Idan a gaban ɗayansu ka sa hannu, ya kuma buga hatiminsa, kotu za ta ɗauka cewa kai ne ka sa hannun. Wanda ke musu shi zai nemo hujja. Idan a ɗakinka ka rattaba, abokan aikinka biyu suka shaida, takardar ba ta mutu ba, amma nauyin ya dawo kanka. Sai ka kawo shaidun nan daga Jidda zuwa Babbar Kotu. Lissafa kuɗin jirgi. Lissafa ɗage shari'a. Wataƙila ma ɗaya ya bar ƙasar, ɗaya ya riga mu gidan gaskiya.

Akwai kuma ruɗin hatimin waje. A Ingila da Amurka, da Saudiyya tun ƙarshen 2022, akwai hatimin da ake kira afostil, wanda ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Heg ta 1961 ke karɓa a tsakaninsu. Nijeriya ba ta cikin wannan yarjejeniya. Mutum zai biya kuɗi, ya ga takarda ta sha ado, ya ɗauka ya gama. Ta iso Katsina a ce a koma ofishin jakadanci. Mafi sauƙi shi ne a fara daga can. Mazaunin Saudiyya yana da ofishin jakadanci a Riyad da ƙarami a Jidda. Na Amurka yana da Washintan, Niyok da Atlanta. Na Ingila yana da Landan, na Nijar yana da Yamai. Je da fasfonka mai rai. Kada ka sa hannu a gida. Bari sai a gaban jami'in. Idan takardar da Larabci ko Faransanci aka rubuta ta, a haɗa da fassarar da hukuma ta tabbatar.

Na san akwai waɗanda zuwa ofishin ke yi wa nauyi. Wani fasfonsa ya ƙare. Wani ba shi da iƙama, wato izinin zama, yana tsoron fita. Irin waɗannan su ne abincin 'yan damfara. Wani zai zo ya ce ya san hanya, kawo kaza a buga maka hatimi ba sai ka je ba. Hatimin da aka buga ba ka nan, ƙarya ce aka rubuta da sunanka. Ranar da ta tonu, ciniki ya rushe, kuma maganar ta tashi daga rigimar gida ta koma laifin jabu. Ƙaninka da ya miƙa takardar shi za a fara kamawa, domin shi ne a kusa.

Gaskiya ne an samu sauƙi. Sabuwar dokar notari ta 2023 ta ba da damar tabbatar da takarda ta bidiyo, kana can notari yana nan. Amma sauƙin ya zo da nasa tarkon. Ba kowane lauya ne notari ba. Alƙalin Alƙalan Nijeriya ke naɗa su, kuma rajistar sunayensu tana Kotun Ƙoli. Duk wanda ya ce shi notari ne, a nemi cikakken sunansa, a sa wani lauya daban ya bincika. Sannan kafin a biya ko sisi, wakilinka ya je ofishin ƙasa ya tambaya ko za su karɓi irin wannan takarda. Tambayar rana ɗaya ce.

Yanzu ga abin da ya fi duk waɗannan cutarwa, kuma shi aka fi mantawa. Notari ba ya duba ko abin da ka rubuta zai amfane ka. Aikinsa ya tabbatar kai ne, kuma da yardarka ka sa hannu. Shi ke nan. Idan ka rubuta cewa wane ya kula da duk dukiyarka a Nijeriya, ya sayar, ya jinginar, ya karɓi kuɗi, notari zai buga hatimi. Hatimin zai ƙara wa takardar ƙarfi ne a kanka. Ka yi niyyar sayar da kango ɗaya a bayan kasuwa. Ka wayi gari gonar Rimaye ta tafi. Fulotin bakin titin Kano zuwa Katsina, wanda kake jira ya ƙara daraja, shi ma ya bi. Kuma duk da sa hannunka. Kamar wanda aka ce ya ba da makullin shago ne, ya miƙa damin makullan gidan gaba ɗaya.

Don haka a ƙuntata takardar. A ambaci gida ɗaya, da unguwarsa, da iyakokinsa, da lambar takardar mallakarsa idan akwai. A rubuta farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba. A rubuta asusun bankin da kuɗi za su shiga, kuma ya zama naka. A rubuta ranar da wakilcin zai ƙare. A hana wakili sayar wa kansa ko wakilta wani. A kula da kalmar da lauyoyi ke sakawa mai nufin ba za a iya warware wakilcin ba. Idan aka haɗa ta da cewa an ba ka wani abu a madadi, ka ɗaure kanka, janyewa ta yi wuya. Wanda ba ya karanta Turanci ya sa a karanta masa da Hausa layi bayan layi, a kuma rubuta a jikin takardar cewa an karanta masa ya fahimta. Farar takarda kuwa, kada ka taɓa sa mata hannu ka aiko a cike. Ko wa ya nema. Ko uwa ɗaya uba ɗaya kuke.

Kai kuma mai saye, kada a ba ka takardar wakilci a ce ita ce shaidar mallakarka. Wannan dabara ta yaɗu saboda gudun kuɗin rajista. Kotun Ƙoli ta yanke tun 1993, a shari'ar Ude da Nwara, cewa takardar wakilci ba ta mayar da mallaka ga kowa. Izini ne kawai na yin aiki da sunan wani. A 2001 kuma, a shari'ar Chime da Chime, kotun ta ce wanda ya ba da wakilci yana da ikon sayar da kayansa da kansa muddin wakilin bai riga ya sayar ba. Dubi abin da hakan ke haifarwa. Alhaji a Makka ya sallama wa abokin zamansa. Ƙaninsa a Kusada ya karɓi kafin alƙalami daga wani. Gida ɗaya, masu saye biyu, kowa da takardarsa. Ɗaya zai yi asara. Kafin ka biya, yi magana da mai gidan ido da ido ta bidiyo, a gaban shaidunka. Ga asalin takardar wakilcin da idonka. Hoton da aka turo a waya bai wadatar ba.

Sai maganar amincewar hukuma, wadda muke ɗauka kamar ƙa'idar banza. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun Gwamna. Gidan da ke da takardar mallaka ta jiha ba a sayar da shi sai da amincewarsa, in ji sashe na 22. Na karkara mai haƙƙin gargajiya, sashe na 21 ya ce sai da amincewar ƙaramar hukuma. Sashe na 26 ya ce cinikin da ya saɓa wa wannan ɓatacce ne. A shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989, banki guda ya rasa jinginarsa saboda rashin wannan amincewa. Idan banki da lauyoyinsa ya sha ƙasa, ina ga mai fallen takarda? Hatimin mai unguwa da na dagaci suna da amfani sosai, domin su suka san tarihin kowane kango. Amma ba sa maye gurbin sakateriyar ƙaramar hukuma ko ofishin ƙasa na Katsina. Neman amincewar kuma a kan mai sayarwa yake. Idan takardar wakilcinka ba ta ba wakili ikon nema ba, sai an sake komawa Jidda ko Landan daga farko.

Mutuwa ma ba ta jiran takarda. A fiƙihu, wakilci yana faɗuwa da rasuwar wanda ya wakilta. Daga wannan lokaci gida na magada ne. Wakilin da ya sayar bayan ya ji labarin rasuwa, ya sayar da kayan marayu. Haka gidan gado da ba a raba ba. Babban wa da ke waje ba shi da ikon wakilta kowa a kan kason ƙannensa. Matar mamaci tana da tumuninta. 'Yar da ke aure a Yamai ko Madina tana da rabonta, kuma shirunta ba yarda ba ne. Kowane magaji da ba ya nan, sai ya aiko da tasa takardar. In ba haka ba, shekara goma nan gaba ɗanta zai shigo da ƙara, mai saye ya riga ya yi bene a wurin.

Barin abin haka nan ma ba tsira ba ne. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi akwai hukuncin hauzi. Bare ya riƙe wuri shekara 10, yana gini yana rushewa, mai shi yana nan yana gani bai ce uffan ba, kuma babu abin da ya hana shi magana, to da'awarsa ba a sauraronta. Wanda ba ya gari yana da uzuri. Amma mai zuwa hutun Sallah, ya ga an ja katanga a filinsa, ya ce bari dai kada a ɓata zumunci, ya koma, da hannunsa yake raunana uzurin nan.

Kuɗin kansu a kiyaye. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba. Buhun kuɗi a zaure laifi ne, kuma ba ya barin sawu. Ajiye su a hannun ɗan uwa "har ka zo" shi ma asara ce. Kafin Yuni 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Zuwa Fabrairu 2024 ta haura 1,500. A kasuwar canji ma ta ninka. Wanda ya sayar da gida kafin Yuni 2023 ya bar kuɗin a kwance, aƙalla rabin darajarsu ta narke ba tare da kowa ya taɓa su ba. Wannan idan ba a ranta wa wani don biki ko jari ba kenan.

Idan ka riga ka aika saƙon murya, ko faffaɗar takarda, ko farar takarda mai sa hannu, kada ka jira zuwanka gida. Kira wakilinka yau, da ladabi, ka ce a dakata da duk wani ciniki. Nemi lauya a Katsina ya rubuta takardar janye wakilci. Sa mata hannu a gaban jami'in jakadanci ko notari. Janyewar da masu saye ba su sani ba, ba lalle ta kare ka ba, don haka a yaɗa ta. Kwafi ɗaya ga wakilin. Ɗaya ga mai unguwa, ɗaya ga dagaci. Ɗaya ga sashen ƙasa na ƙaramar hukumar Kankiya ko Kusada, ɗaya ga ofishin ƙasa na jiha idan gidan yana da fayil a can. Kowanne ya sa hannu cewa ya karɓa, da kwanan wata a jiki.