Shugabancin Karɓa-Karɓa da Binciken Ƙwadago

Ƙungiyar ECOWAS, wadda aka kafa a Legas cikin 1975, shugabannin ƙasashenta ne ke karɓar jagorancinta bi da bi, galibi shekara guda-guda. Wannan tsari yana hana danniya, amma yana da cikas: kafin sabon shugaba ya laƙanci matsalolin ma'aikata, wa'adinsa ya cika. Saboda haka wajibi ne a sami masu bincike na dindindin waɗanda za su riƙa miƙa masa tabbataccen bayani.

Haka ake yi a Tarayyar Turai. Shugabancin majalisar ministocinta yana juyawa duk wata shida, amma cibiyar Eurofound da ke Dublin, wadda aka kafa cikin 1975, ba ta gushe tana nazarin yanayin aiki da zaman jama'a ba, tana kuwa taimaka wa ƙasar da ke riƙe da kujera.

Wannan batu ya shafi mutanen Gwiwa da Roni da Kazaure da Babura, inda samari kan tafi cirani da zarar an kawar da amfanin gona. Yarjejeniyar Dakar ta 1979 ta ba ɗan ƙungiyar damar zaman kwana 90 ba biza, amma duk da haka Nijeriya ta kori ɗimbin baƙi cikin 1983. Ga shi kuma Nijar, wadda Babura ke iyaka da ita, ta fice cikin Janairun 2025. Shugaban da bai san yawan masu ƙetare iyaka ba, da sana'arsu, da ladan da ake biyansu, ba shi da hujjar da zai kare haƙƙinsu a zauren taro.