Al'ada da awon jini: kada a ɗora wa haila laifin da ba nata ba

Mata da yawa, in aka auna su aka ce jini ya hau, sai su ce, "Ai al'ada nake, shi ya sa." Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma ƙamshin ne kawai.

Jikin mace yana zagaye kusan kowane kwana 28, ko da yake na wasu 21 ne, na wasu har 35, kuma duk lafiya ne. Sinadarai biyu ne ke jan ragamar zagayen. Isturojin yana ƙaruwa kafin a saki ƙwai, wajen tsakiyar zagayen, yana sa jijiyoyin jini su saki jiki su buɗe. Bayan sakin ƙwai sai furojestaron ya karɓa. Shi ma yana sassauta jijiyoyi, yana kuma sa ƙoda ta zubar da gishiri, sai jiki ya mayar da martani ta hanyar riƙe gishiri da ruwa. A kwanakin nan zafin jiki yakan ɗan ɗaga, zuciya ta ɗan ƙara sauri. Gab da zuwan jini kuma wata zobe ya matse mata yatsa, ƙirji ya yi nauyi, ciki ya kumbura.

Duk da wannan kai-komo, sauyin da ake gani a na'urar awo ɗan kaɗan ne, maki ƙalilan. A wasu matan awon yakan ɗan ɗaga a farkon al'ada ya sauka daga baya, a wasu ma ba a ganin komai. Don haka macen da ake samunta a 140 bisa 90 ko sama, yau da gobe, hawan jini ne da ita, ko tana al'ada ko tana da tsarki.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ake sha a kwanakin. Ciwon mara ya murɗa, a aiki yaro kemis ya sayo diklofenak ko ibuprofen, a haɗiye biyu da safe, biyu da dare, wata bayan wata. Waɗannan magunguna suna sa ƙoda ta riƙe gishiri, suna iya ɗaga jini, suna kuma rage ƙarfin maganin hawan jini ga mai shan sa. Wata kuma jiƙon kanwa take kurɓa, alhali kanwa cike take da irin sinadarin da ke cikin gishiri. Ga magi a miya, ga shi a yaji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babba ya kai giram 5 a yini, wato wajen ƙaramin cokali ɗaya. Ƙwayoyin tazarar haihuwa masu isturojin su ma kan ɗaga jinin wasu, shi ya sa ake awo kafin a ba da su.

Jiri da ganin duhu lokacin al'ada kuwa, musamman ga mai zubar da jini da yawa, sun fi kama da ƙarancin jini, kuma gwajinsa daban ne.

Mai son sanin nata, ta zauna minti biyar ta huta kafin awo, hannu a ɗore daidai ƙirji, a lokaci guda kullum. Ta rubuta lambar tare da kwana nawa ke nan da fara jini, ta yi haka wata biyu ko uku, sannan ta kai wa likita takardar. Wadda ta kusa daina al'ada ta fi kowa buƙatar wannan, domin idan isturojin ya ja baya jinin mata da yawa yakan fara hawa.