Sankarar bakin mahaifa a Kebbi: An yi wa 'yan mata rigakafi, saura gwajin iyayensu

A ƙauyukan fadamar Rima, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, idan mace ta fara ganin jini bayan saduwa da maigidanta, ko wani ruwa mai wari ya riƙa fito mata, sunan da aka fi ba matsalar shi ne ciwon sanyi. Sai a nufi kemis ko wajen mai maganin gargajiya. Wani lokacin sanyin ne kuwa. Amma waɗannan alamomi, da jinin da ke dawo wa mace bayan ta daina al'ada, su ne kuma alamomin sankarar bakin mahaifa, kuma sau da yawa kafin su bayyana cutar ta riga ta yi nisa.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a 2020 mata kimanin 12,000 ne suka kamu da cutar a Najeriya, kusan 8,000 kuma suka rasu.

Ƙwayar cutar HPV ce ke haddasa ta, kuma ta hanyar saduwa ake ɗaukarta. A nan ne maganar ke yin nauyi a bakin mutane, domin ana ɗauka zargi ne. Ba haka ba ne. Yawancin mutane kan ɗauki ƙwayar a wani lokaci na rayuwarsu ba tare da sun sani ba, jiki kuma ya kawar da ita da kansa. Matar da ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai mijinta tana iya kamuwa, kuma a gidan da ke da kishiyoyi ƙwayar na iya zagayawa ba wanda ya ji ko ciwon kai. A jikin wasu matan ne take maƙalewa, ta shafe shekara 15 zuwa 20 tana sauya fatar bakin mahaifa kafin ta zama sankara. Ga mai ɗauke da HIV lokacin bai kai haka ba, haɗarin kuma ya ninka sau shida.

A ranar 24 ga Oktoba 2023 Najeriya ta sanya allurar HPV cikin rigakafin yau da kullum, kyauta, allura ɗaya ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, kuma Kebbi na cikin jihohin rukunin farko. Kamar yadda aka gani da rigakafin shan inna a 2003, jita-jitar hana haihuwa ta sake tasowa, duk da cewa an fara amfani da allurar a duniya tun 2006. Kebbi dai tana da masu faɗa a ji a wannan fage. Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammadu Mera, shi ne shugaban kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko. Dakta Zainab Shinkafi Bagudu, matar tsohon gwamnan jihar, wadda ta kafa gidauniyar Medicaid, ita aka zaɓa a 2024 domin ta jagoranci UICC, ƙungiyar yaƙi da sankara ta duniya, 'yar Afirka ta farko da ta samu wannan matsayi.

Sai dai allurar kariya ce kafin a haɗu da ƙwayar, ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu. Uwar da ta riƙo hannun 'yarta zuwa wajen rigakafi, mai shekara 35 ko 40, ta wuce wannan layi. Abin da ya rage mata shi ne gwaji.

Gwajin ba tiyata ba ne. A hanya mafi sauƙi, ungozoma ko nas kan shafa ruwan kal a bakin mahaifa, ta jira minti ɗaya. Inda fata ta fara lalacewa zai yi fari. Idan tabon ƙarami ne, ana iya ƙona shi nan take da wata 'yar na'ura mai zafi cikin ƙasa da minti ɗaya, mace ta koma gida da ƙafarta. Akwai kuma gwajin da ke neman ƙwayar HPV kanta, wanda mace za ta iya ɗaukar samfurinsa da hannunta, abin da ke rage kunyar da ke hana mata da yawa zuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara gwaji daga shekara 30, masu HIV kuma daga 25. Burinta shi ne kafin 2030 a gwada kashi 70 cikin 100 na mata suna da shekara 35, a sake suna da 45.

Kunya ba ita kaɗai ce ke tare hanya ba. Da wuya matar da ba abin da ke damunta ta nemi izinin fita da kuɗin mota domin zuwa asibiti, ballantana a lokacin girbin shinkafa. Bayan an ƙona tabon ma ana buƙatar ta ƙaurace wa shimfiɗa na kusan mako huɗu, abin da ba zai yiwu ba sai da fahimtar maigida. Wayar da kan da aka tsaya yi wa mata kaɗai a layin awon ciki ba ya isa kunnen mai bayar da izinin.

Mai son gwaji za ta iya tambaya a sashen mata na Asibitin Sir Yahaya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi, ko Babban Asibitin Argungu, ta ji ranar da ake yi da abin da za ta biya. Idan kuwa aka bari tabon ya zama sankara, magana ta koma tiyata ko gashi da allurai masu ƙarfi. Gashin kuma sai an je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, tafiyar kusan kilomita 150 daga Birnin Kebbi, inda maras lafiya da mai jinya za su shafe makonni suna biyan kuɗin magani, abinci da wurin kwana.