Idan man pon ɗin gaba ya fito toka-toka

Ƙarshen damina, in ka bi ta garejojin unguwar Zariya a nan Maradi, ba za ka rasa ganin katkat ɗaya ko biyu an ɗage gabansu ba, yaron gareji na kwance a ƙasa da kwano a hannu. Ranar da na tsaya kallo, Land Cruiser ce tsohuwa da ke jigilar buhunan zogale daga Jiratawa. Yaron ya kwance bushon ɗin ƙasa na pon ɗin gaba, wanda ƴan uwanmu na Katsina da Kano ke kira aksul. Man giya mai lafiya ruwan zuma ne, yana zuba siriri, da warinsa mai ƙarfi. Wannan kuwa sai ya fito da kauri kamar kunu, launinsa toka-toka mai duhu, yana ɗiga da ƙyar. Mai motar ya dafe kai, don a ganinsa haƙoran pon ne suka niƙe.

Ba su niƙe ba. Giris ne ya shiga inda ba gidansa ba. Rashin sanin wannan bambanci ya sa wasu sun sayi pon sukutum alhali robar da ba ta kai tafin hannu ba ce ta mutu, wasu kuma sun yi ta sauya mai wata bayan wata, ciwon na nan yana ci.

A motocin da gabansu ke da pon sandararre guda, irin Land Cruiser 70 da ta fara fitowa a 1984, da 80 ta shekarun 1990 zuwa 1997, da tsofaffin Hilux, ɗakuna biyu ne maƙwabta. A tsakiya akwai tukunyar haƙora, tana iyo cikin man giya da bai cika lita uku ba. A kowane gefe kuma, bayan taya, akwai wani ƙwallon ƙarfe da kardan ke juyawa a cikinsa, shi ne ke ba taya damar ja da karya kwana a lokaci guda. Wannan ƙwallon ba mai yake sha ba, giris ake cusa masa, irin baƙin nan mai sinadarin molibdinam. Abin da ya raba ɗakunan biyu juwan ne guda ɗaya, zoben roba da ke rungume da sandar kardan. Ranar da ya saki, mai ya gangara wajen giris ya narkar da shi, narkakken giris kuma ya biyo sanda ya dawo tukunya. Tokar da ka gani a kwano ke nan.

To yaya mutum zai tabbatar? Da ido da yatsa, kafin a kwance ko da ƙusa ɗaya. A ɗebi man a murza tsakanin babban yatsa da manuni. Giris santsi gare shi, ba ya kartar fata, kuma in ka shafa a farar takarda za ka ga launin bakin fensir. In ka ji tsakuwa-tsakuwa, ko ka fita rana ka ga man na ƙyalli, wannan ƙarfe ne, magana ta sauya. A duba bushon ɗin ma, domin yana da mayen ƙarfe a bakinsa: ɗan laushin baƙin gari a jikinsa ba abin tsoro ba ne, kowane pon na yin sa, amma ɓarɓashi mai kaifi kamar yankan farce shaida ce cewa boris ko haƙori ya fara ci. Idan kuwa man ya fito fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ne ya shiga.

Shaida ta biyu tana bayan taya. A karya sitiyari har ƙarshe a leƙa ƙwallon. Mai lafiya yana da ɗan maiƙo siriri. Wanda juwan ɗinsa ya mutu za ka tarar ya jiƙe sharkaf, baƙin ruwa na bin ƙasansa, rairayi ya manne ya yi dambu, wani lokaci har cikin taya ya yi zane-zane. A sunsuna. Giris ba ya warin man giya, don haka in warin ya bugi hancinka a nan, an gama bincike. Gefen da ya jiƙe shi ne mai laifi, ko da yake ni shawarata a gyara biyun tare, tunda shekarunsu ɗaya.

Abin da aka fi mantawa da shi, kuma shi ya fi damuna, wata ƴar kafar shan iska ce a saman pon, girmanta bai wuce kan yatsa ba. Pon in ya yi tafiya yana zafi, iskar cikinsa ta kumbura, ta nan take fita. Ƙasarmu kuwa ta rairayi da laka ce. Motar da ke bin hanyoyin Tibiri da ƙauyukan bakin Gulbi, laka na toshe kafar nan ta bushe kamar siminti. Iska ta rasa mafita, sai ta tura mai ta juwan. Haka nan in mota ta taho da zafinta ta faɗa ruwan sanyi, iskar ciki ta tsuke, pon ya zuƙo abin da ke kusa, ko giris ko ruwan gulbi. Gulbin da ambaliyarsa ta 1945 ta sa aka tayar da garin Maradi zuwa tudu bai daina cika kwari duk damina ba, kuma direbobinmu ba su da wata hanya sai ta cikinsa. Duk makaniken da ya sa sabon juwan bai buɗe kafar nan ya busa ta ba, motar za ta dawo masa.

Akwai kuma laifin hannu. Wasu na ɗura giris cikin ƙwallon har ya cika maƙil, da nufin alheri, alhali ana barin sarari ne. Wani lokacin kuma tsohon juwan ya riga ya yi wa sandar zobe, sabo ya zauna kan ramin, ya ci gaba da yoyo. Boris ɗin sama da na ƙasa da ke riƙe ƙwallon in sun yi lako-lako, sanda na rawa, ita ma tana cinye juwan.

Shin girisin zai kashe pon? Kaɗan daga cikinsa ba ya kashewa nan take, gaskiya ke nan. Haɗarin yana gefe. Kardan ya rasa girisinsa, sai ka fara jin ƙas-ƙas in an karya kwana da katkat a ɗaure. Man tukunya yana raguwa ba a sani ba. Mafi muni, narkakken man yana iya kaiwa ga birki, kuma mota mai lodin mutane da birki mai maiƙo a gefe ɗaya ba abin wasa ba ce.

Masu sababbin Hilux, daga samfurin 2005 zuwa yau, tsarinsu daban ne. Girisinsu na cikin robar kardan mai lanƙwasa, a waje da pon, ba shi da hanyar shiga tukunya. In man irin wannan mota ya yi toka-toka, a nemi ruwa ko ƙarfe.

Gyaran ba ɓoyayye ba ne: a kwance gefen, a wanke tsohon giris tas, a sa juwan na kirki, a duba sanda da boris, a buɗe kafar iska, a zuba man giya mai lamba GL-5, irin 80W-90. Bayan ƴan kwanaki ana tafiya a sake zubar da shi a sa sabo, don ragowar tokar ta fita. Kuma tunda yawancin motocin nan a cikin gari da tayun baya kawai suke ja, pon ɗin gaba na iya yin watanni bai juya ba. Kamfanin Toyota da kansa ya ce a riƙa ɗaure makullan tayun gaba ana yin kilomita 16 duk wata, don mai ya zagaya.

Direba, duk ranar da ka ratsa ruwan da ya kai tsakiyar taya, kafin ka sake ɗaukar lodi ka sa a kwance bushon ɗin sama, ka tsoma yatsa ka ga launin da zai fito.