Kwabo Mai Huji da Tagullar Rumawa

A unguwar Nima ko Maamobi ta Accra, idan tsohuwa ta rasu aka buɗe adakarta, da wuya a rasa ɗan gwangwanin da ta tara tsakiya da allura da kwabo mai huji biyu ko uku. Jikoki su kwashe su yi wasa, manya su ce ai kuɗin Turawa ne, ya daina ci. A wasu ƙasashe kuwa akwai masu bin kasuwa suna sayen irin wannan ƙarfen da ya daina ci, kuma cikinsu da yawa tagullar Rumawa ce ta kama zuciyarsu.

Abin da ya fara jan su shi ne araha. Daular Rum ta buga sulallan tagulla ba adadi, musamman a ƙarni na huɗu, zamanin sarki Kustantin, kuma har yau ƙasa tana fito da su. A 2010 wani mai neman ƙarfe da na'ura ya tono tukunya a kusa da Frome ta Ingila, cikinta sulalla fiye da 52,000. Shi ya sa da 'yan daloli kaɗan mutum zai riƙe abin da ya shekara 1,700.

Ni dai a ganina arahar ƙofa ce kawai. Zinari ɗakin ajiyar attajiri yake kwana, tagulla kuwa kuɗin talaka ce. Da ita ake sayen gurasa, da ita ake biyan kuɗin shiga gidan wanka, abin da ɗan Nima da ya taɓa bin layi da soso da sabulu a hannu zai gane ba sai an yi masa bayani ba. Fuskar sarkin da ta goge, yatsun masu talla da 'yan dako ne suka goge ta. Sunayen kuɗin ma sun biyo mu har gida: dinarin Larabawa daga denariyus na Rum ya samo suna, fulus kuma daga wata tagulla mai suna folis.

Kwabonmu ma yana da nasa labarin. Aninin da Ingila ta buga wa Afirka ta Yamma a 1907 na alminiyam ne, bayan shekara guda aka sauya ƙarfen. Yana da huji don a zura shi a zare kamar wuri, da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci saboda mutane irin kakanninmu. Wanda aka buga a 1936 yana ɗauke da sunan Edward na Takwas, sarkin da ya ajiye sarauta kafin shekarar ta ƙare, mutanen Ingila ba su kai ga kashe kuɗi mai hotonsa ba. Taro ma bai mutu ba, don ana cewa daga tsohon kuɗin mota na kwabo uku aka samo sunan motar haya, trotro.

Inda Rum da Accra suka haɗu sosai shi ne 1958. Sulallan farko na Ghana mai 'yanci sun fito da kan Kwame Nkrumah, kewaye da rubutun Latin, harshen Rumawa, mai cewa shi ne ya kafa ƙasar. Dabarar sarakunan Rum ce tsaf: wanda bai taɓa ganin fada ba zai san fuskar mai mulki a tafin hannunsa. A 1965 aka kawo sidi, sunan wuri a bakin Fante, nan ma da hotonsa. Sojoji suka kifar da shi a Fabrairun 1966, sabon kuɗin 1967 ya fito babu shi. Rumawa sun riga mu wannan ma. Da sarki Karakala ya kashe ƙaninsa Geta a 211, ya sa aka kankare sunansa da fuskarsa, har a jikin wasu sulalla, alhali ubansu ɗaya, Sebtimiyus Seberus, haifaffen Libiya.

Mai son fara tara sulallan Rumawa ya yi hattara da jabu, domin ana zuba sabon ƙarfe a shafa masa tsatsa a kira shi tsoho. Na gaske da guduma aka buga shi, na zubi kuwa yakan nuna ɗinki a gefe da 'yan ƙananan ramuka. Kada kuma ya wanke. Kore-koren nan da shekaru suka shimfiɗa a kan tagulla shi masu tarawa suke biya wa kuɗi. Ni na koya da tsada: kwabon kakata na 1952 na dirje da toka da lemon tsami har ya yi ƙyalli, na kai wa wani dillalin kayan tarihi ɗan Zango ina taƙama. Ya juya shi sau biyu, ya miƙo mini, ya ce, "Ɗana, wa ya aike ka?"