In dare ya raba: Tsaka mai wuyar masu ƙananan masaukai a Kano

A ƙananan masaukan baƙi da ke kusa da tashoshin mota a Kano, dokokin a bango suke: a nuna katin shaida, ban da kai mai ziyara ɗaki, lokaci na cika a rufe ƙofa.

To, fasinjan da motarsu ta lalace a hanyar Zariya fa? In maigadi ya buɗe, aikinsa na cikin haɗari. In ya ƙi, bawan Allah ya kwana a titi. Mai masauki kuwa tsoronsa biyu ne: ɓarayi da samamen Hisbah.

Masu dabara kan karanta wa baƙo dokokin tun wajen biyan kuɗi, su ba shi lambar waya. Wanda ya kira da wuri, a jira shi.